Rubutun Hannun Kawu Lyle

Sau uku na kai allon neman zaɓen Alƙali Tarbell gidan Kawu Lyle, sau uku yana mayar mini da shi. A karo na uku ma bai bari na sauke shi daga mota ba. Ya fito daga gareji yana goge hannu da tsumma, ya dafa ƙofar a-kori-kurar tawa ya ce, "Corrie, wai ke ba kya gajiya?"

"Allo ne fa kawai, Kawu. Ƙafafu biyu na ƙarfe, a soka a ƙasa, shi ke nan."

"Ƙasar ta daskare."

"Na zo da guduma."

Ya yi dariya har da tari. Ƙanen mahaifiyata ne, shi ya koya mini tuƙi a wannan motar, kuma tun da aka buɗe matatar man masara a garinmu Norby yake aiki a cikinta, har ya zama ɗaya daga cikin shugabannin ma'aikata uku. Ni kuwa a lokacin shekarata ashirin da huɗu. Na dawo daga jami'a da digiri da kwali biyu na littattafai, ina ganin duk mutanen Norby a tsaye suke barci.

Har yau ban canza ra'ayi a kan Tarbell ba, gara in faɗi wannan tun yanzu. Tsohon alƙali ne da ya fito neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyarmu, kuma maganarsa ɗaya ce: gwamnati ta yi ƙiba har ta manta cewa ita 'yar aiki ce. Ba ta da hurumin sauraren wayar mutum ba tare da izinin kotu ba. Ba ta da hurumin ƙwace gonar wani ta miƙa wa kamfani. Sannan ga abin da ya sa aka tsane shi a wajenmu: ya ce ba ta da hurumin tilasta wa gidajen mai su gauraya fetur da man masara. In man yana da kyau mutane za su saya da kansu. A nan jiharmu ta Iowa ya faɗi haka, a tsakiyar manoman masara, aka yi masa ihu, bai janye ko kalma ɗaya ba. Ranar na san shi zan bi.

A Norby kuwa duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa, ko dai masu gidan suna sayar wa matatar masara, ko suna karɓar albashinta.

Kawu Lyle ya zagaya ya shigo motar, ya zauna a gefena ya ja ƙofa.

"Zan rubuta sunansa," ya ce.

Saura kaɗan in danna hon don murna. Ya riƙe mini hannu.

"Tsaya mana. Ranar da mutanen gwamnati suka zo da takarda suka raba gonar kakanki gida biyu saboda bututu, ina tsaye a wurin. Babu wanda ya tambaye mu. Mutumin nan kaɗai na ji ya kira abin da sunansa. Zan rubuta. Amma daga ni sai takardar. Ba allo, ba sitika, kuma ban ce ki riƙa yi mini wani irin kallo a cikin mutane ba."

"Saboda Teague," na ce.

"Saboda Marlys."

Na san abin da yake nufi. Gordon Teague shi ne manajan matatar, kuma shi ke riƙe da yaƙin neman zaɓen Gwamna Dunmore a gundumarmu, ɗan takarar da ya rantse ba za a taɓa dokar man masara ba. Kowa ya ji cewa a watan Maris za a rage shugabannin ma'aikata daga uku zuwa biyu, kuma Teague ne zai zaɓi wanda zai tafi. Anti Marlys, matar Kawu, tana cikin wata na biyar na maganin ciwon daji. Kowane mako biyu yakan kai ta asibitin birni, kuma inshorar aikinsa ce ke ɗauke da ita.

"Ai wannan shi ne abin da muke yaƙa," na ce. "Mutum mai shekara hamsin da tara, a ƙasarsa, yana ɓoye ra'ayinsa kamar kayan sata!"

"To yi ta yaƙin. Ni dai ki yi mini alkawari."

"Na yi."

Ina kallon gilashin gaba na faɗa, har ina jin kamar alfarma ce na yi masa.

Mu goma ne a Norby muka yarda a gan mu. Babu wanda ya biya mu, babu wanda ya aiko mu. Da ni, da wasu 'yan'uwa biyu masu gyaran tarakta, da wata ma'aikaciyar jinya da mijinta, da wasu huɗu, da Hollis Yoder, tsohon da ke kiwon ƙudan zuma a bayan gari, wanda ya shekara bakwai yana faɗa da hukuma a kan takardar da suke so ya manna a jikin kwalaben zumarsa. Mun fenti sunan Tarbell a jikin tsofaffin zannuwan gado mun rataya a gada. Iska ta kwashe ɗaya ta kai shi gonar Teague, Hollis ya ce zanen ne kaɗai ɗan ƙungiyarmu da ya yi ƙarfin halin shiga can.

Makonni shida muna bin gida-gida cikin dusar ƙanƙara. Abin da ya fi ci mini rai ba masu rufe mana ƙofa ba ne. Su aƙalla sun san abin da suke so. Masu shigar da ni falo su ba ni kofi da kek ne suka fi ƙona mini zuciya. Su saurare ni tsaf, su gyaɗa kai, su ce, "Gaskiya mutumin yana da gaskiya, amma…" Amma ba zai ci ba. Amma matatar fa? Amma mu ba ma son surutu. Na ji kalmar nan har na fara jin ta kafin a buɗe baki. Mutanen da kakanninsu suka ƙetare teku don kada a gaya musu yadda za su yi addu'a, yau ba sa iya soka allo a ciyawar ƙofar gidansu.

"Ki riƙa cin kek ɗin kina yin shiru," in ji Hollis wata rana a mota. "Ke da kin buɗe baki sai mutum ya ji kamar an kira shi ofishin hedimasta."

"To su farka mana!"

"Sun farka, 'yata. Suna dai kallon inda za su sa ƙafa ne."

Ban saurare shi ba.

Daga ofishin Tarbell da ke babban birni abu ɗaya suka yi ta nanata mana a waya: ranar taron unguwa, inda 'yan jam'iyya ke jefa wa 'yan takara ƙuri'a, kada kowa ya tafi gida bayan an ƙirga ƙuri'a. Ƙuri'ar ita jaridu ke bugawa, amma bayan ta ne ake zaɓen wakilin da zai je taron gunduma, daga can a je na jiha, daga can a je inda ake tsayar da ɗan takara. Yawancin mutane da sun ji sakamako sai su nemi rigunan sanyinsu. Wanda ya zauna, shi ke samun kujerar. Norby kujera ɗaya gare ta, kuma ni nake nemanta.

Taron ya kama ranar Litinin da ƙarfe bakwai na yamma, a zauren wasanni na makarantar firamare. Mutum saba'in da huɗu suka zo, suna karkaɗe ƙanƙara daga takalma, suna gaisawa, suna tambayar juna lafiyar shanu da ta jikoki. Misis Verna Kuiper ce ta jagoranta kamar kullum. Ta shekara talatin da takwas tana koyar da aji uku a wannan makarantar kafin ta yi ritaya, kuma har yanzu in ta buga cokali a jikin kofi manya masu furfura sukan gyara zama.

Kawu Lyle yana layi na biyu, kusa da mutanen matata. Bai kalle ni ba. Anti Marlys ba ta zo ba, sanyin ya fi ƙarfinta.

Kowane ɗan takara ana ba maƙwabci ɗaya minti biyu ya yi magana a madadinsa. Teague ya tashi a madadin Dunmore. Bai ɗaga murya ba. Ya ambaci yawan iyalan da matatar ke ciyarwa, ya ambaci sabon rufin wannan zauren da muke ciki, ya ce, "Mu a nan mun san wanda ke tare da mu," ya zauna. Aka tafa masa sosai.

Ni na ci minti uku da rabi, sai da Misis Kuiper ta buga cokali sau biyu. Na ce musu abin da doka ta ba ka yau, doka za ta iya karɓewa gobe, kuma garin da ke rayuwa da sa hannun wani ɗan majalisa ba shi da iko da kansa. Na ce 'yancin mutum ba kyauta ba ce daga gwamnati. Gaskiya na faɗa. Mutum tara suka tafa, Hollis ya yi fito.

Aka raba ƙananan takardu da fensira. Kowa ya rubuta sunan wanda yake so a kan gwiwarsa, ya ninke, ya jefa cikin tsohon bokitin askirim da ake zagayawa da shi. Aka kai bokitin kan tebur a gaba. Misis Kuiper na warware takardun ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, kowane ɗan takara yana da mutum ɗaya a tsaye a bayanta don ya shaida ba a yi maguɗi ba. Ni ce ta Tarbell.

Wajen takarda ta arba'in na gan ta. Kawu Lyle bahago ne, rubutunsa kwance yake baya, kuma yana jan layin saman harafin farko ya rufe duk kalmar kamar rufin rumbu. Haka yake rubuta mini katin ranar haihuwa tun ban iya karatu ba. Misis Kuiper ta ce, "Tarbell," ta ajiye ta a kan sauran. Na ji zafi ya hau mini fuska don daɗi.

Dunmore ya sami arba'in da uku. Tarbell sha shida. Sauran suka raba abin da ya rage.

Sha shida! Mu goma ne masu sitika. Zauren ya ɗan yi guna-guni, mutane suna waige-waige. Teague ya miƙe yana sa safar hannu, ya ce da ƙarfi yana murmushi, "Ashe muna da fatalwa shida a Norby. Verna, a riƙa barin fitila a kunne." Aka yi dariya.

Daga nan aka fara ficewa, kamar yadda aka gaya mana. Motoci suka yi ta tashi a waje. Mu goma ko motsi ba mu yi ba. Teague ya kai bakin ƙofa, ya waiwayo ya gan mu a jere kamar masu jiran likita, ya gane. Ya cire safar, ya riƙa kiran mutanensa da suna yana dawo da su. Wasu sun riga sun tafi. Ya samu tara.

Misis Kuiper ta ce a kawo sunaye. Hollis ya kawo nawa, wani ya kawo na Teague. Wannan zaɓen da ɗaga hannu ake yi.

"Masu son Gordon Teague." Ta ƙirga da fensir. "Goma."

"Masu son Corinne Brandvold." Ta ƙirga. "Goma."

Ta sake ƙirgawa, bai canza ba. Ita shugabar taro ba ta ɗagawa. Ta buɗe jakarta tana lalube. "To, doka ta ce in an yi kunnen doki sai a jefa kwabo. Wa ke da tsaba?"

Akwai mutum ɗaya da ya rage a zauren. Kawu Lyle bai tafi ba, don kowace shekara shi ke naɗe kujeru bayan taro. Lokacin da aka ce masu son Teague yana ɗauke da kujera biyu, ɗaya a kowane hannu, yana tafiya wajen bango. Lokacin da aka ce masu so na ya sake ɗauko wasu biyu. Sai daga baya na gane cewa da gangan ya cika hannayensa, kuma ko wannan ƙin ɗaga wa maigidansa hannu ba ƙaramin abu ba ne ya yi mini.

A lokacin abin da na gani shi ne kwabo. Makonni shida cikin ƙanƙara, yatsuna sun tsattsage, ƙofa ɗari uku, sannan a ce ƙarfe ne zai yanke hukunci a iska, alhali ga mutum can da ya yarda da mu yana wasa da kujeru.

"Ba sai an jefa ba," na ce. "Akwai wanda bai ɗaga ba."

"Corrie," in ji Hollis a hankali, yana jan gefen rigata.

"Kawu Lyle!" Muryata ta cika zauren. "Ajiye kujerun nan. Ka rubuta Tarbell, na ga rubutunka da idona. Abin da hannunka ya rubuta, ka ɗaga shi mana a gani!"

Kowa ya juya yana kallonsa.

Kawu ya tsaya a tsakiyar filin, a kan jan layin da yara ke buga ƙwallo. Bai kalli Teague ba. Ni ya kalla, kuma ba kallon fushi ba ne, da ma shi ne. Ya sunkuya ya jingina kujera ɗaya, ya jingina ɗayar, ya goge tafin hannunsa a wando. Sannan ya ɗaga hannun hagu, bai kai kafaɗa sosai ba.

"Sha ɗaya," in ji Misis Kuiper, ba ta ko duba fensirinta ba.

Mutanenmu biyu suka fara tafi, suka ji su kaɗai ne, suka daina.

Teague ya zo ya ba ni hannu. "Barka, wakiliya." Ya juya. "Lyle, ashe kai ne fatalwar. To, a gaida Marlys." Ya faɗa da fara'a, kamar yadda ake faɗa a ƙofar coci, ya fita.

Ina sa hannu a takardar wakilci Misis Kuiper ta riƙe ƙarshen takardar ba ta saki ba.

"Corinne, dube ni. Duk wanda ya jefa takarda a bokitin nan yau, in ban da mutum biyar ko shida, ni na koya masa riƙe fensir. Na san wanda ke manta ɗigo, na san wanda ke danna fensir har ya huda takarda. Shekara talatin ina warware takardun nan. Kin taɓa jin an ce Verna ta ce wane ya zaɓi wane?"

"Amma ai gaskiya…"

"An tsayar da ke a bayana ki ga suna ne, ba ki ga hannu ba. Mijina ya mutu bai san na san abin da yake rubutawa ba." Ta saki takardar. "Sa hannu. Kin ci."

Da na juya, Kawu ya gama naɗe kujerun ya tafi.

A mota na yi ta kawo wa Hollis hujjoji. Na ce ai Teague ba zai iya yin komai ba, idon gari na kansa. Na ce wani lokaci sai an tura mutum yake sanin ƙarfinsa. Na ce in kowa ya ɓuya, yaushe za a canza? Muka isa ƙofar gonar Hollis. Ya sauka, ya riƙe ƙofar.

"Kin san abin da ya sa nake bin Alƙalin nan? Don ya ce a bar mutum da abin da yake nasa. Ban ji ya ce sai dai in 'yar ƙanwarka tana bukata ba." Ya rufe.

Ba ƙanwa ba ce, yayarsa ce mahaifiyata, har na buɗe baki in gyara masa. Irin mutumin da nake ke nan a lokacin.

Washegari na kira Kawu, bai ɗauka ba. Na je gidan, Anti Marlys ta buɗe, da hular ulu a kanta, ta rame har zobenta na juyawa a yatsa. Ba ta matsa daga ƙofa ba.

"Ba ya nan."

"Anti, na zo ne in…"

"Na san abin da ya kawo ki. Kafin ya iso gida mutum uku sun kira ni." Ta gyara hular. "Ni ban ma san wanda zai zaɓa ba, kin sani? Shekara talatin da huɗu muna tare ban taɓa tambayarsa ba. A bakin matar mai sayar da taya na ji. Je ki, sanyi na shigowa."

Babu abin da ya faru a watan Janairu, babu a Fabrairu. Har na fara gaya wa kaina cewa na yi daidai, tsoron banza ne irin na mutanen Norby. Ranar biyu ga Maris aka kira Kawu Lyle ofis, aka gode masa, aka ba shi agogon bango mai tambarin matata. A cikin su ukun shi ne ya fi daɗewa. Takardar ta ce an duba bukatun aiki ne. Ba wanda zai iya nuna wani abu daban, ni ma ba zan iya ba, kuma mai yiwuwa ko ban buɗe baki ba shi za a cire. Na riƙe wannan mai yiwuwar na kwana biyu, ta ƙi riƙe ni.

Na same shi a gareji ranar Alhamis da rana, yana shirya akwatin kayan aikinsa. Ya samu aiki a wata ma'ajiyar hatsi a Nebraska, tafiyar awa uku, zai riƙa kwana can yana dawowa ƙarshen mako. Inshorar wurin ba ta fara aiki sai mutum ya yi wata uku. Kafin nan, ya ce, za su san yadda za su yi. Ya sa kwale-kwalensa na kamun kifi a kasuwa, likitan kuma ya yarda a ɗan ja tazara tsakanin allurai.

"A ja tazara?" na ce. "Kawu, hakan ba zai…"

"Likita ya ce ba laifi." Ya ci gaba da jera sufanu bisa girmansu.

Na faɗi duk abin da na shirya. Na ce na karya alkawari, na ce ba ni da hujja. Na ce zan je wajen Teague, zan rubuta wa jarida, zan tara mutane a ƙofar matatar.

"Kada ki kuskura." Karo na farko ke nan da ya ɗaga murya. "Kin yi magana da sunana sau ɗaya, ya isa."

Ya rufe akwatin.

"Ko gobe aka sake, Tarbell zan rubuta. Ban yi da-na-sanin wannan ba. Amma nawa ne, Corrie. Abu ɗaya ne a duk wannan garin da ba na Teague ba, ba na banki ba, ba na asibiti ba. Kika ɗauka kika kashe a kan bukatarki."

"Zan ajiye kujerar. Jibi ne taron gunduma, ba zan je ba."

"In kin ajiye wa zai hau?"

Na san amsar. Wanda ya zo na biyu.

"To kin gani. Kujerar nan ni na saye ta, kuma ta yi tsada. Ki je ki zauna a kanta." Ya ɗauki akwatin, na miƙa hannu in taya shi, ya kauce da shi. "Ranar Talata Marlys na da asibiti, ba na nan. Ta ce ba ta son ki kai ta. Na ce mata babu wani. Ƙarfe takwas. Kada ki yi mata maganar siyasa, kada ki ba ta haƙuri, ki tuƙa kawai."

Ranar Asabar na je taron gunduma. A babban zauren makarantar sakandare aka yi, wakilai wajen ɗari biyu. Mutanen Tarbell mun kai talatin, yawancinmu matasa, kuma kafin a buɗe taro muka haɗu a wani aji. Wani saurayi daga ofishin babban birni, mai suna Anders, yana riƙe da jerin sunaye yana kira. Da ya zo kaina sai ya ɗaga kai.

"Norby? Norby mai matata? Jama'a, ku ga wadda ta ƙwace kujera a hannun manajan matatar man masara, a garinsa, da ƙuri'a ɗaya!"

Aka yi ihu, ana buga tebur. Wata yarinya ta rungume ni.

"Taso, taso," in ji Anders. "Gaya musu yadda kika yi. Akwai jihohi a gaba, muna so kowa ya koya."

Na miƙe. Fuskoki talatin suna kallona, duk irin tawa, masu zafi, masu gaskiya, waɗanda suka gaji da jin amma. Na san abin da ya kamata in gaya musu, kuma minti ɗaya ya isa. Akwai bokiti a kowace unguwa, akwai mai tsayawa a baya, kuma kowannensu yana da wani da ya san rubutunsa.

"Mun dai yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi," na ce.

Suka tafa. Na zauna.